Fim Ɗin Kawu a Gonar Gero

Wanda Ya ba mu aron Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar daminar bana, ana yayyafi. Mu ma hanyar tana jiranmu. Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai hoton ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu ta wajen Zakirai, fiye da shekara arba'in. Dalili biyu ya sa na ɗauki biro. Na farko, kada a manta da shi. Na biyu, a san abin da aka yi da aikinsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Duk wanda ya ga kansa a ciki ya san kansa.

Zan fara da masu ta'aziyya. Kwana uku ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kuma abin da na gani ya kasu kashi huɗu.

Kashi na farko su ne masu waya. Tun a maƙabarta suka fara. Ana saka Kawu a kabari, wani magidanci cikin dangi, da gemunsa da komai, ya miƙa hannu ta saman kawunan dattawa yana ɗauka, har yana cewa a ɗan matsa masa, inuwa ta yi yawa. Kafin mu dawo gida mu wanke ƙafa, hoton makarar ya riga mu zagaya gari. Wannan kuwa gawar mutumin da bai taɓa ɗora kyamara a kan kowa ba sai ya tambaye shi, ya kuma jira amsa. Na zagaya bayan katanga na tofar da yawu.

Kashi na biyu su ne masu addu'a da rabin baki. Mutum zai shafa fatiha, hannunsa bai gama sauka daga fuska ba, sai ya karkato ya ce, "Wai babur ɗin nan nasa, magada za su sayar ne?" Mutum uku suka yi mini wannan tambaya a rana ɗaya. Na ukun har ya tashi ya je ya danna tayar da babban yatsa.

Kashi na uku mutum ɗaya ne, ƙanin Kawu, wanda muke kira Alhaji. Ya yi ta maimaitawa da ƙarfi don kowa ya ji: "Allah Ya yafe masa wannan sana'a tasa." Ban tanka ba, domin shi ma kawuna ne. Amma kowa a kan tabarmar ya san wanda ya ɗauki fasfon da ya je Makka da shi, ya kuma san cewa sau uku aka sake ɗauka saboda Alhaji ya ce hular ta karkace.

Kashi na huɗu ita ma mutum ɗaya ce. Wata tsohuwa ce daga unguwar masu coci da ke hayin rafi. Ta tako cikin taɓo, takalmanta a hannu. Ta shiga ciki ta gai da mata, da ta fito ta sa aka kira ni gefe.

"Ɗan nan, kai ne na asibiti, mai ba da kati?"

"Ni ne, Inna. Amma na ajiye aiki."

"To ai kai ka iya karanta hannunsa. Akwatin yana nan?"

Na ce yana nan. Ta ce ɗanta, wanda ya yi wa unguwarsu tsaron gida a wasan ƙwallo, ya rasu shekarun baya. Hotonsa ɗaya tak take da shi, wanda marigayi ya ɗauke su su goma sha ɗaya a filin firamare. Bara gara ta bi bango ta cinye shi.

"Na gaya wa Mai Hoto," in ji ta. "Ya ce in kwantar da hankalina, uwar hoton tana cikin akwati, in ya ji sauƙi zai kai birni a fitar mini da wani. To bai ji sauƙin ba. Jikokina ba su san fuskar ubansu ba. Ni ma ta fara ɓace mini."

Na ce ta ba ni zuwa bayan arba'in. A tsarina, sai an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an raba gado, sannan a buɗe akwati. Ba na son tsallake layi. Wannan kuskurena ne, kuma na rubuta shi kafin in rubuta na kowa.

Ga wanda bai san akwatin ba, na ƙarfe ne, kore, irin na 'yan makarantar kwana. Yana ƙarƙashin gadon Kawu, a kan bulo huɗu saboda danshi. Kafin zuwan waya, kyamara da fim take aiki, wata siririyar leda mai duhu da ƙananan ramuka a jere a gefe biyu. In an wanke fim a birni, daga jikinsa ake fitar da katin hoto, ko sau nawa ake so. Kawu yakan ba mutum katinsa, shi kuma ya riƙe fim ɗin. Ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya sa kowace a ambulan, ya rubuta a baya: lamba, gari, waɗanda ke ciki daga dama zuwa hagu, da abin da ake yi a ranar. Sannan ya ɗauki allura ya karce lambar a gefen fim ɗin, don ko sun rabu da ambulan a haɗa su. Na yi shekara talatin ina jera katunan marasa lafiya, ban taɓa ganin ma'ajiyar da ta kai tasa tsari ba. A wurinsa na koyi jeri, ba a asibiti ba.

Yanzu shi kansa Kawu.

Mutumin damina ne. Sauran masu hoto sun fi son kaka, lokacin bukukuwa, su rataya labule mai zanen bene da mota su tsayar da mutum a gabansa. Kawu yana da labulen, amma da ruwa ya sauka sai ya naɗe shi ya jefa saman rumfa. "Ga dawa can ta kai ƙugu," yakan ce. "Me zan yi da benen ƙarya?"

Safiyarsa ba ta canzawa. Masallaci. Ya dawo ya tsaya a ƙofar gida ya dubi gabas. Ya naɗe kyamara a tsumma, ya sa a leda, ya sa ledar a wata ledar, ya rataya a ƙirji a ƙarƙashin riga. Da keke ya fara, daga baya ya sayi babur. Kasuwannin ƙauye, sunan jariri, saukar Alƙur'ani, ranar godiya a cocin hayin rafi, gayyar noma: duk inda aka kira shi zai je, inda ba a kira shi ba ma yakan bi ta wajen. Wata damina ya ratsa birni a kan babur har Rimin Gado, don kawai an ce masa magidanta za su yi langa. Bayan kwana uku ya dawo da taɓo har cinya da tari a ƙirji, kyamara kuwa a bushe ƙarau.

Cinsa ma a kan hanya yake. Bai yarda da abin da ya kwana bayan an ciro shi daga gona ba. Masara sai wadda ya ga an karyo, an ɓare, an ɗora a kan garwashi. Gyaɗa sai sabon tono, dafaffiya, da sauran ƙasa a jikin ɓawo. A kowane gari ya san gidan da ake kwaɗon rama da ƙuli mai yaji, ya san rugar da nononta ke kauri in shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Aljihunsa na dama ba ya rabuwa da yalo. Wata rana da damina matata ta yi masa miyar busasshiyar kuɓewa. Ya ci, ya gode, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Amarya," don haka yake kiran ta har ta yi jika, "ga kuɓewa a bayan ɗakinki tana kallon ki, kika ba ni ta bara?" Ba ta sake ba. In ya gama ci yakan wanke hannu sau biyu da sabulu kafin ya taɓa kayan aiki. "Kyamara ba ta cin ƙuli," in ji shi.

Sai ƙwallo. Da dogon hutu unguwanni kan yi gasa a filin firamare, domin shi kaɗai ne filin da ba a shuka. Kawu yakan shimfiɗa buhu a bayan raga ya kwanta rub-da-ciki a cikin laka, da furfurarsa. Sau ɗaya ƙwallo ta same shi a baki ta karya masa haƙori. Jini na zuba, hannunsa na sama da kyamara. Kuma yana da ƙa'ida wadda ba ya karyawa: in an tashi, waɗanda aka ci yake fara ɗauka. Masu kofi na can suna ihu suna kiran sa, shi yana nan yana jera masu sunkuyar da kai.

"Waɗancan kowa zai tuna da su," yakan ce. "Ku zo nan, ku da aka ci. Kai mai tsaron gida, tsuguna a gaba, riƙe ƙwallon. Ɗaga kai! Uku aka zura maka, ba sata ka yi ba."

Bayan mako guda ya bi su gida-gida ya kai musu katin. Hoton ɗan tsohuwar nan irin wannan ne.

Rigimarsa da na fi tunawa da mijin 'yarsa ce. An ce za a raba taki ga manyan manoma, amma sai mutum ya kawo hotonsa a tsaye a gonarsa. Surukin ya zo ya ce a ɗauke shi a gonar masarar maƙwabcinsa, wadda ta yi baƙi-ƙirin don kyau. Ina zaune a wurin.

"Ba na ɗaukar mutum a gonar da ba tasa ba," in ji Kawu.

"Baba, ai hoto ne kawai."

"Tunda hoto ne kawai, je ka tsaya a taka."

"Tawa ciyawa ta cinye ta."

"To ɗauko fartanya in ɗauke ka a cikin ciyawar. Wannan yanzu zan yi maka."

Surukin ya tashi ya kaɗa riga, ya kuma hana matarsa zuwa gida har aka yi Sallah. Kawu bai aika ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Da na ce ya sassauta, sai ya ce, "Wata rana bayan mun tafi wani zai duba ya ce gonarsa ce. Ni na sa shi ƙarya ke nan."

Ba zan ɓoye gajiyawarsa ba, don shi ma ba zai so in ɓoye ba. Daminar da yake so haka, ba a gonarsa yake yin ta ba. Babban ɗansa ne ya riƙe noman gidan tun yana ɗan shekara goma sha biyar, uban yana can kan hanya yana ɗaukar gonakin mutane. Yaron ya bar makaranta saboda haka. Kawu bai taɓa zama ya yi masa magana a kan wannan ba, kuma ya kamata ya yi.

Da waya ta cika hannun kowa, kiran Kawu ya ragu har ya tsaya. Bai yi ƙorafi ba. Duk ƙarshen damina yakan fito da akwatin, ya shanya ambulan a inuwa, ya mayar da su bisa lamba. Bara ya ce mini, "Ka zo ka ɗauki akwatin nan. Kai ne mai haƙurin jeri." Na ce bai dace ɗan mace ya fita da kaya daga gidan kawunsa ba shaidu ba, a bari sai an tara 'ya'ya. Ba a tara su ba. Wannan kuskurena na biyu.

Kwana ashirin da uku bayan rasuwa na koma gaisuwa. Gero ya fitar da kai ya fara nuna, lokacin da tsuntsun jan-baki ke sauka a gona garke-garke. Tun daga hanya na hango gonar gidan Kawu tana ƙyalli, ina kuma jin wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, in iska ta kaɗa. Na zaci zaren tsohon kaset ne, irin wanda ake ratayawa a da don korar tsuntsu. Na ratsa ciki. An kafa sanduna, an ja zare daga wannan iyaka zuwa waccan, layi-layi, kuma a jikin kowane zare abubuwa ne baƙaƙe suna lilo. Na kama ɗaya na ɗaga sama. Mata ne a jere, ɗaya riƙe da jariri. Ranar suna ce. A makon an yi ruwa sau huɗu. Fim ɗin ya yi yauƙi, da na taɓa shi da yatsa, fuskar mai jegon ta biyo yatsana.

Na tsaya ina kallon abin da ya manne mini a hannu. Na yi aiki a asibiti, na ga gyambo, na ga abin da ba a faɗa, amma ban taɓa jin ƙyamar da na ji a ranar ba.

Babban ɗan Kawu yana can ƙarshen gona. Na girme shi da shekara shida, kuma taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu. Da wasan ya tare ni.

"A'a! Bawan gidanmu ya zo duba gonar ubangidansa?"

"Mene ne wannan?"

"Maganin jan-baki. Ka ga ƙyalli? Ka ji ƙara? Har da ramukansa a gefe, zare kawai muka zura. Kamar don haka aka yi shi."

"Aikin ubanka ne na shekara arba'in."

"To ga shi yau yana yi mana aiki. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya shigo gonar nan da damina ba sai bana."

"Da ka rataya leda."

"Tsuntsun bana ya saba da leda, Yaya. A kanta yake hutawa."

Na tambayi akwatin. Ya ce an wanke shi, iri za a zuba a ciki, ƙarfe ne, ɓera ba ya huda shi. Na tambayi ambulan. Ya ce suna wajen matarsa, tana hura wuta da su.

Na ce, "Sauke su."

Nan ya daina dariya. "Yaya, mu yi maganar gaskiya. Baki goma sha huɗu nake ciyarwa. In na sauke waɗannan, kwana biyu jan-baki ya mayar da gonar nan kara. Da hoto za a tuƙa mana tuwo? Kuma ka sani, ɗan mace ba shi da ko allura a gidan kawunsa."

Ya faɗi gaskiya a kan gado, ya faɗi gaskiya a kan tsuntsu. Shi ya fi ƙona mini rai.

"In na tsare maka gonar fa?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai? Da wannan gwiwar?"

"Ni."

"Har girbi?"

"Har girbi."

"To. Amma ranar da na ga zangarniya ɗaya a tsige, zan mayar da su."

Ga yadda na yi. Na farko, na shiga gida na karɓi buhun ambulan. An ƙona kusan kashi ɗaya cikin uku. Matarsa ta miƙo mini tana cewa, "Yaya, ai takardu ne kawai, ga su da saurin kamawa." Na biyu, na koma gona na bi zaren layi-layi ina zare fim ɗin ta gefe, ba na taɓa tsakiya, kowane layi da ledarsa, har aka kira magariba. Na uku, na kai su gidana na rataya a ɗaki a inuwa, na hana kowa gogewa. Na huɗu, washegari bayan sallar asuba na hau rumfar tsakiyar gona da majajjawa, da igiya mai gwangwanaye da tsakuwa a ciki.

Kwana goma sha biyu na yi a kan rumfar nan. Jan-baki ba ya zuwa ɗai-ɗai. Zai taso kamar hayaƙi ya sauka a kusurwar da ka juya wa baya. Ka ja igiya, ka yi ihu, ka wurga hoge, ya tashi ya koma ɗaya kusurwar. A rana ta huɗu muryata ta tafi. Ruwa ya doke ni sau uku. Masu wucewa kan tsaya su yi kallo. "Mai kati ya koma korar tsuntsu!" in ji wani, ya kuma ɗaga waya ya ɗauke ni. Alhaji ya wuce a bayan babur, ya girgiza kai ya ce Allah Ya shirye ni. A rana ta bakwai tsohuwar hayin rafi ta zo da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a bakin zane.

"An ce saboda ni kake wannan wahala."

Na ce da sauran muryar da ta rage, "Saboda shi ne, Inna."

"To ci. Yau aka tono ta."

Ta zauna a gindin rumfa tana ja mini igiya har na gama ci.

Aka yanke gero, aka ɗaure, ba a yi asarar da za a faɗa ba. Sai na zauna da fim. Ina ɗaga kowane ɗaya a bakin taga, in nemi lambar da allura ta karce, in nemo ambulan ɗinsa. Tsofaffin, masu ƙananan lambobi, su aka fara ratayewa, a layin gabas inda ruwa ke duka. Waɗannan sun wanke tas, kamar gilashi. Na tsakiya rabi da rabi. Waɗanda aka rataya daga baya su ne suka tsira. A cikin kowane goma, uku ne ake iya gane abin da ke ciki. Sauran sai dai in karanta rubutun Kawu in san abin da ya tafi: tsohuwar rijiyar gari ranar da aka yashe ta, langar Rimin Gado, dattawan da suka kafa makarantar allo a zaune a jere, gayyar da aka yi wa wani makaho. Ambulan yana nan, lamba tana nan, mutanen babu.

Na tsohuwar ya fito a layin tsakiya. Ruwa ya ci saman. 'Yan wasan da ke tsaye a baya duk ba su da kawuna. Amma na gaba, waɗanda suka tsuguna, suna nan, kuma a tsakiyarsu ga mai tsaron gida da ƙwallo tsakanin gwiwoyi, laka a kumatu, kai a ɗage. Na kai wani shago ta wajen Rijiyar Zaki inda suke da na'urar da ke shigar da fim cikin kwamfuta, suka fitar mini da kati. Na haye rafi na kai mata.

Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana kallo.

"Kunnen nan," in ji ta. "Na manta haka kunnensa yake." Ta ƙwala wa jikokin kira, sannan ta yi 'yar dariya. "A ranar, ƙwallo uku aka zura masa. Ya dawo ya ƙi cin tuwo."

Labari ya bazu. Mutane suka fara sallama a ƙofata suna tambayar ko akwai na babansu, ko akwai na aurensu. Cikinsu har da wanda ya danna tayar babur, har da wanda ya ɗauke ni a kan rumfa. Ban kori kowa ba. Wanda nasa ya tsira na ba shi lamba, wanda nasa ya tafi na gaya masa inda ya tafi.

Bayan an zuba gero a rumbu, taubashina ya zo da la'asar. Bai kira ni bawa ba. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi murya, sannan ya shiga wasa da bakin tabarma.

"Yaya, Baba ya taɓa ɗaukar Innarmu?"

Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara tara. Mace ce mai kunya, ba ta tsayawa gaban kyamara, don haka babu katinta a gidan kowa. Na tashi na shiga ɗaki. Na san inda yake, domin na riga na haɗa shi: lamba goma sha bakwai. Na miƙa masa ambulan da fim ɗin da ke ciki. Boko bai zauna masa ba, sai ya ce in karanta. Na karanta masa yadda Kawu ya rubuta: "Gida. Uwar yara tana ɓare masara a ƙofar ɗaki, babban yana jingine da ita. Ta yarda yau. Ban fitar da kati ba tukuna."

Ya zaro fim ɗin ya ɗaga wajen rana. Ya juya shi. Ya matso da shi kusa da ido.

"Babu komai?"

"Babu."

"Ko na'urar birni?"

"Na kai. Babu."

"A wane layi yake?"

"Na gabas, kusa da ɗorawa."

Can ya ce, "Ni na ɗaure wannan layin da hannuna."

Na daɗe ina tanadin maganar da zan gaya masa, kwana goma sha biyu ina jera ta a kan rumfa, ta farko, ta biyu, ta uku. Ban faɗi ko ɗaya ba. Ya mayar da fim ɗin cikin ambulan a hankali, yana kama shi ta gefe, ba tare da na nuna masa ba. Sannan ya miƙo mini.

"Sake karanta mini, Yaya. Wajen da ya ce ta yarda."

Na karanta masa, har sau uku, aka kira sallah muna zaune.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da ya gaza a kai, Ya yafe mana namu. Ya sa ya tarar da aikinsa na alheri a can a jere, babu wanda ruwa ya taɓa. Amin.